Kayan gida da lafiyar yara: Abin da ya kamata iyalai a Gombe su fara saya

Da zarar an kawar da amfanin gona, kuɗi suka ɗan zauna a hannun jama'a, sai harkar bukukuwan aure ta buɗe a birnin Gombe. A irin wannan lokaci ne Babbar Kasuwa da Tsohuwar Kasuwa kan cika da iyaye mata da gwaggonni, kowacce riƙe da lissafin kayan ɗakin 'yarta: gado da katifa, kujeru, labule, kafet, kabet ɗin jere, kuloli, da saitin tangaran da wataƙila ba za a ci abinci a cikinsa ba sai ranar suna. Uba yakan sayar da buhunan masara ko wake, uwa ta kwashi adashin da ta shekara tana zubi, wani lokaci har a haɗa da bashi, domin kada a ga gazawar gida ranar jere.

Al'ada ce mai tushe, kuma tana da ma'anarta, domin kayan ɗaki dukiyar mace ce, su ne jarinta idan rana ta ɓaci. Sai dai akwai wani lissafi da ba kasafai ake yi ba. A mafi yawan gidaje, kafin a cika shekara biyu da ɗaurin aure akwai jaririn da ke rarrafe a wannan ɗaki, yana kai duk abin da hannunsa ya taɓa baki. Daga wannan rana darajar kowane kaya ta koma kan abin da yake yi wa yaron. Idan aka auna da wannan mudu, kayan da suka fi tsare ran yaro a Gombe suna cikin mafi araha a kasuwa, kuma su ne ake bari sai ƙarshe, idan ma an tuna da su.

Matsin rayuwa ya ƙara wa batun nauyi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, farashin kusan komai ya tashi, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko mai sana'ar hannu da ke ci daga abin da ya samo a yini, ba zai iya sayen komai a lokaci guda ba. Tilas ya jera, wani kafin wani, kuma a wajen jerawar ne ake yawan yin kuskure.

Gidan sauro kafin labule

Babu ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa ɓarna a duniya kamar Najeriya. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a nan suke, haka ma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda take kashewa, kuma galibinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. An samu sauƙi idan aka kwatanta da baya. Binciken ƙasa na 2010 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 42 cikin ɗari na ƙananan yara, a 2015 ta sauko zuwa kashi 27, a 2021 kuma kashi 22. Gidan sauro mai magani yana cikin manyan dalilan wannan raguwa. A Gombe cutar ta fi tsananta daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, lokacin da kwatoci da kududdufai da ramukan zaizayar ƙasa ke riƙe ruwa.

Ba kowane gidan sauro ne ke yin aikin ba. Ƙaramin nan mai kama da lema da ake sayarwa tare da kayan jarirai yana da kyan gani, amma yawanci ba shi da magani, kuma cikin 'yan watanni yaro ya fi ƙarfinsa, ƙafarsa tana waje. Wanda ake so shi ne mai maganin da ke daɗewa, mai faɗin da za a iya cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowane ɓangare. Ana raba irinsa kyauta a lokutan rabo na jiha da kuma wajen awon ciki, bisa lissafin guda ɗaya ga mutum biyu. Sabo akan shanya shi a inuwa na kwana guda kafin a kwana a ciki, abin da ke rage ƙaiƙayin fuskar da wasu ke kuka da shi. Maganinsa yana jure wanki kusan 20, ko kimanin shekara uku, muddin da sabulu mai sauƙi aka wanke shi aka kuma shanya a inuwa. Idan ya huje, allura da zare sun isa. Masu cewa zafin bazara ne ke hana su shiga suna da gaskiya, amma ana iya kafa shi a tsakar gida da sanduna huɗu, inda iyali da yawa ke kwana daga Maris zuwa Mayu. Abin takaici shi ne ganin sabon gidan sauro ya zama shingen lambu ko murfin akurkin kaji, alhali yaran gidan suna kwana a fili.

Igiyar leƙo, wato maganin sauro na kunnawa, ba ta maye gurbinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa ta kai ta karan sigari 75 zuwa 137. A ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, jariri ne ke shaƙar wannan har asuba.

Inda ruwa ke kwana

Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, a kan Kogin Gongola, inda ake tace shi a turo shi cikin gari. Amma birnin ya faɗaɗa da sauri tun bayan da ya zama hedikwatar jiha a ranar 1 ga Oktoban 1996, sannan ya karɓi ɗimbin mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu a Borno da Yobe da Adamawa. Unguwanni sun tsiro a inda bututu bai kai ba, inda ya kai kuma ba kullum ruwan ke zuwa ba. Saboda haka gidaje da yawa sun dogara da rijiyar burtsatse, da tankar ruwa, da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki a kura. Ma'anar wannan ita ce kusan kowane gida yana ajiye ruwa na kwana ɗaya zuwa uku, kuma mazubin da ake ajiye shi a ciki yana da muhimmanci kamar inda aka ɗebo shi.

Masana lafiyar muhalli sun daɗe da tabbatar da cewa ruwa mai tsabta yakan gurɓace tsakanin bakin famfo da bakin mai sha. Randa ta gargajiya tana sanyaya ruwa ba tare da wutar lantarki ba, kuma a garin da zafi ke kusantar digiri 40 a watan Afrilu wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Matsalarta faɗin baki da moɗa. Moɗa ɗaya ce kowa ke sha da ita, ta faɗi ƙasa a ɗauka a mayar, yaro ya dawo daga wasa ko daga bayan gida ya tsoma hannu har wuyan hannu. Gyaran ba shi da tsada. A sama wa randa murfi mai zama daram, da ludayi mai dogon mariƙi wanda ake ratayewa, a riƙa zubawa a kofi dabam. Wanda ya fi wannan shi ne bokiti mai murfi da famfo a gindi, ko jarka mai ƙaramin bakin da hannu ba ya shiga. Wasu masu ginin tukwane ma suna sanya wa randa famfo idan aka nema.

Wajen sayen jarka ko duro na hannu, tambayar farko ita ce me aka taɓa zubawa a ciki. Wanda ya ɗauki man girki ana iya wanke shi. Wanda ya ɗauki maganin feshi, ko fenti, ko wani sinadarin masana'anta, roba takan sha shi, kuma babu wankin da zai mayar da shi mazubin ruwan sha komai arahar sa.

Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke kashe su shi ne tafasawa har ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka, ko sinadarin kulorin na ruwa ko na ƙwaya da ake samu a shagunan magani, a zuba gwargwadon umarnin da ke jikinsa, a jira minti 30. A shekarar 2021 Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Gombe ma ta sanar da ɓarkewar cutar a watan Satumban 2022. Ko babu annoba, gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara, kuma wanke hannu da sabulu kaɗai yana rage ta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Buta da sabulu a ƙofar banɗaki, da fo na yara wanda ake zubarwa a masai nan take, da 'yan ledojin haɗin gishiri da sukari tare da ƙwayar zink a ajiye, duka kuɗinsu bai kai na kula guda ta jere ba.

Akwai kuma haɗarin da ba na cuta ba. Yaron da ya fara tafiya kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya leƙa bokiti ko baho ya kifa ciki ba ya iya fitowa, kuma ba ya ihu. Ruwa kaɗan ya isa. Duk mazubin da ke tsakar gida yana bukatar murfi, rijiya kuwa murfin ƙarfe mai kwaɗo.

Murhu, gawayi da gas

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000, akasari ta hanyar ciwon limoniya. A ƙasar Hausa hanyar da hayaƙin ke bi ya isa ƙirjin jariri sananniya ce: yana goye a bayan uwarsa tana hura wuta. Gas ya fi kowane makamashi da ke hannun talaka tsabta, sai dai tsadarsa ta mayar da gidaje da dama kan gawayi da itace. Ga wanda gas ya fi ƙarfinsa, murhu mai tsimin itace ko kurfoti mai rufin yumɓu a ciki yana rage abin da ake ƙonawa da hayaƙin da ke tashi, kuma kuɗinsa kan dawo daga rarar gawayi. A duba mai faɗin gindi wanda ba ya rawa idan an ɗora babbar tukunya. Girki a fili ko a madafa mai taga biyu ya fi girki a lungu, kuma ya fi kyau a sauke goyo a ba wani ya riƙe.

Wanda zai sayi tukunyar gas ya duba shekarar ƙira da aka buga a jikinta. Ƙa'idar Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ita ce tukunya ba ta wuce shekara 15 tana aiki, kuma ana sake gwada ta duk bayan shekara biyar. Tsohuwar tukunyar da aka shafe da sabon fenti tana da yawa a kasuwa, kuma tsatsar gindi ko alamar walda ta isa dalilin barin ta. Tiyo da regileta su ne suka fi yawan yoyo. Kumfar sabulu ake shafa musu, idan ta yi ƙwai akwai yoyo. Ashana ba abin gwaji ba ce. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yaro ke rarrafe. Ƙaramar tukunya mai murhu a ka, wadda amare suka fi so, tana da tsawo da ƙaramin gindi, don haka taɓawa kaɗan ke kifar da abin da ke kanta.

Da hunturu wani haɗarin ke shigowa. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki don jin ɗumi, ko don gasa ɗakin mai jego, yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Takan sa barci mai nauyi, daga nan sai a wayi gari da gawa. Janareta ma haka, ko a zaure ko a baranda kusa da taga.

Gubar da ake saya da kuɗi

Nazarce-nazarcen da aka yi a asibitocin koyarwa na sassan Najeriya sun sha nuna cewa kananzir ne kan gaba a cikin gubar da ƙananan yara ke sha bisa kuskure. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: an zuba shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo an ajiye a ƙasa, yaro mai ƙishirwa ya ɗauka. Fetur ɗin babur da na janareta ma haka ake ajiye su. Idan hakan ta faru, ɗura wa yaro manja ko madara, ko sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, ƙara ɓarna yake yi, domin aman ne ke tura man cikin huhu. Asibiti ake nufa kai tsaye. Akwati mai kwaɗo, ko kanta da aka kafa sama da inda yaro zai kai ko ya taka kujera, shi ne wurin kananzir da fiya-fiya da maganin ɓera da magungunan manya. Kafinta zai haɗa shi da ragowar katako.

Fiya-fiya da Sniper suna ɗauke da sinadarin dichlorvos, wanda maganin gona ne. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana yayyafa shi a ɗakin kwana saboda sauro da kuɗin cizo, ana kuma zuba shi a wake.

Batun wake ya shafi Gombe kai tsaye, domin jihar tana cikin manyan wuraren nomansa, kuma daga kasuwar Tudun Hatsi ake lodinsa zuwa kudancin ƙasar. Wake ba ya jimawa ƙwari ba su huda shi ba, shi ya sa mai ajiya ke neman magani. A 2008 an kwashi ɗalibai mata fiye da 100 na makarantar sakandaren gwamnati ta Doma da ke Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, kuma gwajin da aka yi ya nuna maganin ƙwari a cikin abincin. Ƙwayoyin da ake jefawa cikin buhu su fitar da iska mai guba su ma sun hallaka mutane a wurare da dama, musamman inda aka ajiye buhun a ɗakin da ake kwana.

Akwai mafita da ba ta bukatar magani ko kaɗan, wato buhun PICS mai ninki uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma ana ƙera shi a Kano. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane ninki dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Buhun yana yin shekaru idan bai huje ba, don haka a ɗora shi kan katako nesa da ɓera. Jarka mai murfi da ke rufuwa gam tana yin irin wannan aiki ga mai 'yan kwanoni kaɗan, muddin an cika ta har baki. Ga gidan da ke sayen abincin shekara da kaka, da wuya a sami wani kaya da ya fi wannan buhu biyan kuɗinsa.

Guba ta ƙarshe ba ta nuna kanta da wuri. Arewa ta san dalma tun 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu a Zamfara sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Kaɗan ma yana rage kaifin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wani bincike da ƙungiyar Pure Earth ta fitar a 2023 daga kasuwannin ƙasashe 25 ya sami dalma fiye da kima a sama da rabin tukwane da kwanonin ƙarfe da aka gwada. Tukunyar da maƙera ke zubawa, wadda ake kira tukunyar dalma, da alminiyom ake yin ta, amma idan an narka tarkacen inji da na mota a ciki, dalmar gaske tana iya shiga. Wannan sana'a tana ciyar da gidaje da yawa, kuma tukunyar tana da ƙarko, saboda haka abin yi shi ne a tambayi maƙeri abin da ya narka, a kuma guji barin abinci mai tsami, kamar miyar yakuwa ko kunun tsamiya ko tumatir, ya kwana a ciki, domin tsami ne ke jawo ƙarfen. Abincin jariri ya fi aminci a tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko da guda ɗaya ce ƙarama.

Kwalli ma abin lura ne. A 2012 hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi diddigi aka gano tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ke cikinsa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki.

Haske da waya

A watan Afrilun 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, jihohin Arewa maso Gabas suka shafe makonni cikin duhu. Gidajen da ke da fitilar sola su ne yaransu suka ci gaba da karatun dare ba tare da kyandir ko aci-bal-bal ba, waɗanda su ne mafarin gobara da yawa, musamman kusa da labule ko gidan sauro. Fitilar sola iri-iri ce, kuma araha ba ta ado: wadda ba ta da sunan kamfani ko takardar garanti takan mutu cikin 'yan watanni. Gara ƙarama mai garantin shekara guda da babba mai fitilu goma da rediyo wadda ba a san mai ita ba.

Haka abin yake ga wayar soket mai tsawo. Mai siririyar waya takan yi zafi ta narke idan aka haɗa mata dutsen guga ko hita. Kayan da aka ƙera a Najeriya bisa ƙa'ida suna ɗauke da tambarin MANCAP na hukumar SON, sabulu da man shafawa da maganin ƙwari kuwa lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ana buga na jabu, gaskiya ne, amma rashin tambarin gaba ɗaya ya riga ya ba da amsa. Rasit kuma shi ne hujjar mai saye idan zai mayar da kaya ko zai kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya. Hitar da ake tsomawa a bokiti ita ce ta fi kowane kayan lantarki haɗari a gidan yara, ga ruwan zafi a ƙasa, ga wuta a cikin ruwa, ga mantuwa idan an ɗauke wuta aka dawo da ita babu kowa.

A ɓangaren kayan jarirai, da yawa daga abin da ake kashe wa kuɗi ba dole ba ne. Keken zama mai tayoyi da ake cewa yana koya wa yaro tafiya ba ya koya masa, sai dai ya kai shi bakin murhu ko matakala da sauri. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Fida tana da wuyar wankewa, shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son ƙaramin kofi, bayan wata shida na nonon uwa zalla. Abin wasan da ke da ɓangaren da zai iya shiga baki bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba. Mafi muni shi ne ƙaramin batir mai kama da maɓalli da ke cikin motocin wasa masu kiɗa da ƙananan tocila: idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. A duba cewa murfin batirin da kusa aka ɗaure shi.

Tsakar gida

Ko gidan haya mai ɗaki biyu yana da wurin buhu uku ko huɗu. Tsohon buhu da aka cika da ƙasa da takin dabbobi, aka huda gindinsa, yana fitar da alayyahu da rama da yakuwa da tattasai, kuma ruwan alwala da na ɗaurayar kwanoni ya ishe shi. Kayan aikin ba su wuce ƙaramar fartanya da bokiti ba. Zogale yana girma da sauri, yana jure fari, ganyensa kuma yana ƙara wa abincin yaro sinadaran gina jiki a lokacin da nama da ƙwai suka yi tsada. Gwanda takan fara 'ya'ya cikin kimanin shekara guda.

Mai gidan kansa yana da dalilin dasa itacen inuwa, domin a birnin da zaizayar ƙasa ta ci gidaje da hanyoyi saiwa tana riƙe ƙasa, inuwa kuma tana rage zafin ɗaki. Shirin dashen itatuwa na jiha da aka fi sani da 3G, wanda gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ƙaddamar a 2019 da burin dasa miliyan ɗaya a kowace shekara, ya sa samun dashe ya yi sauƙi da damina. A dasa nesa da katanga da ramin masai, musamman dogon yaro da mangwaro masu doguwar saiwa.

Akwai tsirran da bai kamata a bari a gidan da ke da ƙananan yara ba. Cini-da-zugu da ake shinge da shi yana da ƙwaya mai kama da gyaɗa, mai ɗanɗanon da ba ya korar yaro, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan suna jawo amai da gudawa mai tsanani. Ƙwayar zurman ta fi ta haɗari. Zaƙami kuwa yakan fito da kansa a juji da bayan katanga da damina, kuma tumɓuke shi ake yi tun kafin ya yi 'ya'ya.